Darasin Wata: Yadda Gayya Da 'Yan Makaranta Ke Ceton Tsuntsayen Niyu Zilan Daga Ɓera

Babu manomin da bai san ɓarnar ɓera ba. Yana huda buhu, yana shiga rumbu, yana cinye irin da aka ajiye don damina, ko 'yan tsaki bai bari ba. To, akwai wata ƙasa inda ɓarnar ɓera ta wuce hatsi, har ta kai ga ƙarar da tsuntsayen da babu irinsu ko'ina a duniya. Sunan ƙasar Niyu Zilan. Darasin wannan wata zai bayyana yadda abin ya same su, da kuskuren da suka yi garin neman magani, da yadda mutanen gari da 'yan makaranta suka ɗora wa kansu aikin gyara. Ana son malamin aji ya sa ɗalibai su karanta shi kashi-kashi, sannan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Ƙasar tsuntsaye

Niyu Zilan ƙasa ce ta tsibirai a kudancin tekun Fasifik, kusan kilomita 2,000 daga Ostireliya. Faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin uku na Nijeriya ba, mutanenta kuwa sun ɗan haura miliyan 5. Babban birninta shi ne Welintin. Mutanen karkararta sun shahara da kiwon tumaki da shanun madara.

Masana sun ce ƙasar ta rabu da sauran ƙasashe tun kimanin shekaru miliyan 80 da suka shige. Saboda haka kafin zuwan ɗan Adam babu wata dabbar tudu mai shayarwa a cikinta in ban da jemage. Babu ɓera, babu kyanwa, babu dila, babu kura. Tsuntsaye suka sami sakewa. Da yawansu suka daina tashi sama, suna kiwo a ƙasa, suna sheƙa a rami ko a gindin itace. Abin tsoronsu kawai shi ne manyan tsuntsaye irin su shaho da mikiya, masu farauta da ido daga sama. Dabararsu ta tsira kuwa ita ce su tsaya cik, kada su motsa. Wannan dabara tana ruɗin shaho, amma ba ta hana dabbar da ke farauta da hanci ta sunsuno su.

Tsuntsun da ƙasar ta fi alfahari da shi ana kiransa kiwi. Girmansa kamar kaza, ba shi da fiffiken tashi, ba ya fita sai da dare. Hancinsa a ƙarshen dogon bakinsa yake, da shi yake sunsuno tsutsa a cikin ƙasa. Ƙwan da macen ke yi yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta, kuma a irin da ya fi yawa namijin ne ke kwanci, har fiye da kwana 70. Saboda son tsuntsun nan, su kansu mutanen ƙasar ana yi musu laƙabi da Kiwi.

Baƙin da suka zo

Mutanen farko, watau ƙabilar Mawori, sun iso cikin kwale-kwale wajen shekara ta 1300, suka zo da kare da wani ƙaramin ɓera. Turawa suka riƙa zuwa bayan 1769. Jiragen ruwansu suka kawo manyan ɓeraye iri biyu, ɗayansu shi ne baƙin ɓeran nan mai hawa rufin ɗaki da aka sani a garuruwan ƙasar Hausa. Suka kuma zo da kyanwa da bushiya da zomo. A 1837 aka fara kawo wata dabba daga Ostireliya mai suna fosam, saboda gashin fatarta. Girmanta kamar kyanwa, tana hawa itace da dare ta cinye tofo da fure, ta sha ƙwan tsuntsu, kuma tana yaɗa tarin fuka ga shanu.

Shi ɓera saurin haihuwa ne makaminsa. Macen takan ɗauki ciki na mako uku kawai, ta haifi 'ya'ya biyar zuwa takwas, su kuma cikin wata uku zuwa huɗu sun isa haihuwa. Tun zuwan ɗan Adam, tsuntsaye fiye da iri 50 sun ƙare ƙaƙaf a ƙasar, saboda farauta da sare daji da waɗannan baƙin dabbobi. An ƙiyasta cewa har yanzu ana asarar tsuntsayen asalin ƙasar kimanin miliyan 25 kowace shekara, in an haɗa da ƙwai da 'yan tsaki.

Garin neman gira

A shekarun 1870 zomayen da Turawa suka kawo suka yi yawa, suka cinye ciyawar tumaki, makiyaya suka rasa yadda za su yi. Sai aka kawo shawarar a ɗauko abokan gabar zomo daga Ingila. Wadda ta fi ɓarna a cikinsu ita ce wata dabba mai suna sitot. Dangin bodari ce, siririya mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, ga sauri, ga hawa itace, ga iyo. Masana tsuntsaye irin su Walter Buller sun yi gargaɗi cewa za ta bar zomo ta koma kan tsuntsaye, amma kukan makiyaya ya fi ƙarfi. A shekarun 1880 aka riƙa sakinta a gonaki, har aka kafa dokar hana kashe ta. Zomo bai ƙare ba. Ita kuwa ta shiga daji ta tarar da tsuntsayen da ba su san gudu ba. Ba a janye dokar kare ta gaba ɗaya ba sai 1936. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Kiwi na cikin waɗanda suka fi shan wahala. A dajin da babu mai kula da shi, cikin 'yan tsakin kiwi 100, kusan 95 ba sa kaiwa girma, kuma sitot ce ta fi kashe su. Manyan kuwa kare ne babban abokin gabarsu. A 1987 an ƙiyasta cewa kare guda ɗaya da ya ɓalle a dajin Waitangi ya kashe kiwi kusan 500 cikin mako shida. Yau kiwi da suka rage a duk ƙasar kimanin 70,000 ne.

Abin da tsibirai suka koyar

A 1894 gwamnati ta ba wani mutum mai suna Richard Henry aikin kula da wani tsibiri a kudu maso yammacin ƙasar. Ya yi shekaru yana kwasar ɗaruruwan kiwi da kakafo, watau wani ƙaton aku da shi ma ba ya tashi, yana kai su can a ƙaramin jirgin ruwa don su tsira. A 1900 aka ga sitot a tsibirin, ta yi iyo ta ƙetara. Cikin 'yan shekaru wahalarsa ta tashi a banza, domin aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Wajen 1964 kuma ɓeraye suka mamaye wani tsibiri a kudancin ƙasar mai suna Taukihepa. Nan da nan tsuntsaye iri biyu da jemage iri ɗaya suka ɓace. Ma'aikatan kula da namun daji suka yi hanzari suka kwashe tsuntsaye 36 na wani iri na uku zuwa tsibiran da babu ɓera, irin ya tsira. Wannan ya gamsar da masu shakka cewa ɓera shi kaɗai ya isa ya ƙarar da tsuntsu. Daga nan aka koyi dabarar kawar da ɓera daga tsibiri gaba ɗaya, kuma tsibirai fiye da 100 aka yi wa haka. Kakafo da suka rage guda 51 a 1995, an mai da su irin waɗannan tsibirai, yanzu sun haura 200.

Gayyar Tiritiri Matangi

Tiritiri Matangi tsibiri ne mai faɗin hekta 220, kimanin kilomita 30 daga birnin Okland. An yi shekara kusan 120 ana kiwo a kansa, har kashi 6 cikin 100 na dajinsa kawai ya rage. Wasu malaman jami'a suka ba da shawarar a mai da shi daji, kuma a bar jama'a su yi aikin da hannunsu. Daga 1984 zuwa 1994 dubban 'yan sa kai, iyalai da ƙungiyoyi da azuzuwan makarantu, suka riƙa shiga jirgin ruwa suna zuwa dashe, ba don albashi ba. Suka dasa itatuwa kimanin 280,000. A tsibirin aka riƙa tattara iri, a nan aka rene shi.

A 1993 aka watsa maganin ɓera daga jirgin sama mai saukar ungulu, ɓera ya ƙare a tsibirin. An kuma dawo da tsuntsayen da suka ɓace iri-iri, har da kiwi, da wani mai suna takahe wanda aka taɓa zaton ya ƙare a duniya kafin a sake gano shi a 1948. Ƙungiyar 'yan sa kai da aka kafa a 1988 ita ce ke zagayawa da baƙi har yau, kuma dubban 'yan makaranta na zuwa kowace shekara. Yaron da ya dasa itace a wancan lokaci yanzu magidanci ne, yana iya kawo ɗansa ya zauna a inuwarsa.

Tarko a bayan gida

Tsibiri ruwa ne katangarsa. To yaya za a yi a cikin gari? A Welintin an kewaye wani kwari mai faɗin hekta 225 da shingen waya mai tsawon kilomita 8.6, aka gama a 1999. Sunan wurin Zealandia. Tsayin shingen ya haura mita 2, samansa an yi masa hular ƙarfe mai santsi don kada a haura, gindinsa kuma an binne shi don kada a yi rami a shiga. Duk baƙon da zai shiga sai ya buɗe jakarsa an tabbata babu ɓera a ciki. Tsuntsaye suka hayayyafa a ciki, suka fara fitowa cikin unguwanni. Amma tsuntsu bai san iyaka ba, duk wanda ya yi sheƙa a wajen shinge ɓera da sitot na jiransa.

Sai mutanen unguwannin da ke kusa suka fara tasu gayyar. Ƙa'idar da suka bi mai sauƙi ce: a kowane gida biyar a sami aƙalla gida ɗaya mai tarko a bayansa. Ana sa tarkon cikin akwatin katako mai ƙaramar ƙofa da raga, yadda tsuntsu ko hannun yaro ba zai kai gare shi ba. Ana sa masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko ƙwai, a riƙa duba shi a kai a kai, kuma duk abin da aka kama a rubuta shi a aika wa mai riƙe da lissafin unguwa, yawanci ta wayar hannu.

A 2016 gwamnatin ƙasar ta sa wa kanta wa'adin kawar da ɓera da sitot da fosam kafin 2050. A unguwar Miramar ta Welintin, wadda ruwa ya kusan kewaye ta, aka jera dubban tarkuna da akwatunan magani daga 2019, da yardar masu gidaje. A 2023 aka ba da sanarwar cewa an kawar da ɓera da sitot daga unguwar, amma ba a daina gadi ba, domin wani na iya shigowa. A tsaunukan yamma da birnin kuwa, manoma da makiyaya suka yarda aka kafa tarkuna kusan 4,600 a filin da ya kai hekta 23,000. A 2022 aka sako kiwi a wurin, a 2023 aka ga 'yan tsakinsu, karo na farko a yankin cikin fiye da shekara 100.

Aikin 'yan makaranta

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙungiyar kare daji da tsuntsaye ta ƙasar, wadda aka kafa a 1923, ta buɗe kulob na yara tun 1988. A garin Te Anau na kudu, ɗalibai na cikin masu kula da wani yankin daji da ke kusa da su. A makarantu da yawa kuwa aikin ya shiga cikin darasi.

Abu na farko da ake koya wa yaro shi ne bincike kafin kisa. Ana naɗe kwali ko roba a yi ɗan bututu mai tsawon kamu ɗaya, a shimfiɗa farar takarda a ciki, a shafa tawada a tsakiya, a ɗora 'yar gyaɗa. A ajiye shi da yamma a gefen shinge. Duk dabbar da ta shiga cin gyaɗar sai ta taka tawada ta bar sawu a takarda. Da safe yara su ɗauko su gwada da hoton sawaye, su gane ko ɓera ne, ko bushiya, ko ƙadangare. Akwai kuma katin roba da ake cusa wa gyaɗa a kafe shi a jikin itace, a gane dabbar daga shatar haƙoranta.

Abu na biyu shi ne ƙidaya. Idan an ajiye bututu 10 aka sami sawun ɓera a 6, sai a rubuta kashi 60 cikin 100. Bayan an yi wata uku ana kafa tarko sai a sake gwadawa, a ga ko lissafin ya sauka. Tsuntsaye ma ana ƙidaya su. Yaro ya tsaya wuri ɗaya minti biyar, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa. Tun 2007 ana yin ƙidayar ƙasa baki ɗaya sau ɗaya a shekara, inda kowa ke zama awa ɗaya a gidansa ko a makaranta yana rubuta tsuntsayen da ya gani. A ajin sassaƙa ɗalibai na ƙera akwatunan tarko, a ajin lissafi suna zana jadawalin abin da aka kama. Tarkuna masu ƙarfi kuwa manya ne ke ɗana su.

Inda ake gardama

Ba kowa ne ya yarda da kowane ɓangare na aikin ba. A manyan dazuzzukan da ƙafa ba ta kaiwa ana watsa wata guba mai suna 1080 daga sama. Hukuma ta ce in ba haka ba tsuntsaye za su ƙare, amma mafarauta da masu karnuka na ƙorafi, domin tana kashe kare da barewa. A 2023 an shirya wata gasar farauta da aka ce yara su harbi kyanwoyin daji, jama'a suka yi ca, aka soke wannan ɓangaren na yara. Shi ya sa masu aikin ke nanata cewa a yi amfani da tarkon da ke kashewa nan take, ba tare da azabtarwa ba. Masana da yawa kuma sun yarda cewa sai an sami sababbin dabaru kafin a cika wa'adin 2050.

Abin da ya shafi manomin ƙasar Hausa

A nan sai a lura ƙwarai, kada a ɗauki darasin a baibai. A Niyu Zilan dabbobin da ke farauta baƙi ne. A ƙasar Hausa kuwa mujiya da tunku da bodari da shirwa 'yan gida ne, kuma suna cikin masu rage ɓera a gona. Mujiya da mijinta da 'ya'yansu kan cinye ɓeraye fiye da 1,000 a shekara. Wanda ya kashe mujiya saboda camfi, ɓera ya yi wa aiki. Wanda ya watsa shinkafar ɓera a fili kuwa, kaji na iya ci, yaro na iya ɗauka, mujiya ko kyanwar da ta ci mushen ɓeran ita ma tana iya mutuwa. Ƙunar daji don farautar gafiya tana cinye sheƙar tsuntsaye da ciyawar dabbobi. Ungulu, mai share mushe daga gari, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da masu kama ta don haɗa magani.

Ɓera kuma ba hatsi kaɗai yake ɓatawa ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani ɓera mai nono da yawa idan ya taɓa abinci. Don haka kada yaro ya taɓa ɓera da hannu, mai rai ko matacce. Babba ne zai ɗauke shi da shebur, ya binne shi da zurfi, ya wanke hannu da sabulu.

Abin koyi daga mutanen Niyu Zilan guda huɗu ne. A san mai ɓarna kafin a ɗana masa tarko. A yi aikin tare a lokaci ɗaya, domin in gida ɗaya ya kashe ɓeransa na maƙwabci zai maye gurbin, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A rubuta abin da aka kama, don a san ko ana cin gaba. Kada kuma a daina don an ga sauƙi. Mai unguwa na iya sa ranar gayya kafin a kawo amfanin gona gida, a share ciyawar da ke kewaye da rumbuna, a toshe ramuka, a naɗa wa ƙafafun rumbu langa-langa mai santsi, a rufe abinci da ruwan sha. Yaron da ke yawo da danƙo yana harbin tsuntsu, in aka ba shi littafi da fensir aka ce ya ƙidayo su, ya sami aikin da zai amfani gari.

Sababbin kalmomi

Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.
Hekta: ma'aunin fili, hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.
'Yan sa kai: masu yin aikin jama'a don ra'ayin kansu, ba don biya ba.
Ƙiyasi: lissafin da aka yi bisa kimantawa, ba ƙidaya ɗaya-ɗaya ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsuntsayen Niyu Zilan da yawa ba sa tashi sama?
2. Don me aka kawo sitot, kuma me ya biyo baya?
3. Itatuwa nawa aka dasa a Tiritiri Matangi, cikin shekara nawa?
4. An ajiye bututu 20, an sami sawun ɓera a 5. Kashi nawa ke nan cikin 100?
5. Waɗanne tsuntsaye ko dabbobi ne dattawan garinku suka sani da, waɗanda yanzu ba a ganinsu?

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya barbaɗa toka mai laushi kewaye da gindin rumbunsa da magariba, ya duba sawu da safe, har kwana bakwai. Ya rubuta ranar da abin da ya gani. A mako mai zuwa malami ya haɗa lissafin kowa a kan allo, a ga ɓangaren garin da ɓera ya fi yawa, sannan aji ya zaɓi mutum biyu su kai wa mai unguwa sakamakon.